Harsashi mai riga, ɗayan kuma mai me?

Mai fassara, Zango: Salamu alaikum. Aiki ya haɗa ni da kalmomi biyu na Faransanci kan harsashin ƙaramar bindiga: *balle chemisée* da *balle cuivrée*. Dukansu cikinsu dalma ce, bayansu ja. Na farkon na sa masa "mai riga", tunda *chemise* riga ce. Na biyun ne ya ƙi mini.

Tsohon jandarma: Riga ta zauna daram, ƙanena. Ƙoƙon ƙarfe ake fara bugawa daban, yawanci kashi 95 jan ƙarfe, 5 tutiya, sannan a danna dalma ciki da inji. Wani hafsan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da dabarar a 1882. Ɗayan kuwa ba a ɗinka masa komai. Dalmar ake tsomawa a ruwan sinadari, a saki lantarki, jan ƙarfe ya bi jikinta ya kama, siriri ƙwarai. Shi ya sa ya fi araha, shi ya sa kuma ba ya jure gudu mai yawa, kuma in bakin kwanso, wato gidan albarushin da ke riƙe harsashin, ya matse shi fiye da kima sai fatar ta tsage. Inda ya yi zarra: har gindinsa a rufe yake, alhali mai riga sau da yawa gindinsa a buɗe, zafin albarushi na lasar dalma, mai harbi na shaƙar hayaƙinta.

Malamin makaranta: To a ce "mai sulke" da "mai shafe".

Tsohon jandarma: Sulke a'a, Malam. Kowa zai zaci rigar da ke tare harsashi ake nufi.

Maƙerin Birni: Shafe ma na magina ne, hannu da laka. Tun zamanin Sarki Tanimun ake zuba igwa da haɗa albarushi a Damagaram, ba a rasa mu da sunan ƙarfe ba. Ni "rini" ya fi kwanta mini, tunda tsomawa ake yi kamar zane a marina.

Hajiya mai kayan ado, kasuwar Dole: Ku maza kun cika zagaye. Ɗan kunnen da ba gwal ba, aka bi bayansa da gwal, me muke ce masa? Mai ruwan gwal. Da lantarkin nan ake yin shi, kuma kowace mace ta san ruwa na goguwa. Rini launi kawai yake canzawa, Baba maƙeri, ba ya ɗora ƙarfe kan ƙarfe.

Maƙerin Birni: Hajiya ta kayar da ni. Sai dai *cuivre* jan ƙarfe ne tsantsa, tagulla a bakin wasu gauraye ce.

Mai fassara, Zango: Na ji, Baba, amma "mai ruwan jan ƙarfe" sai numfashi ya ƙare wa mai karantawa a rediyo. Na rubuta: harsashi mai riga, harsashi mai ruwan tagulla. A ambaton farko zan ƙara "wato jan ƙarfe". Na gode, Hajiya.