Neman kakan da bai dawo daga Aljeriya ba

Wani ɗan Kamba ya nemi yadda zai gano kakansa, wanda Faransa ta ɗauka soja a Gaya ta Nijar, ya rasu a yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962. Yawancin waɗanda suka ba shi shawara sun ce a fara da tsofaffin gida, a tono lambar sojansa, ko da a tsohuwar takardar da ke ƙasan adaka. Lamba ta fi suna amfani, domin Faransawa kan rubuta Mamman "Mamane", Musa "Moussa". Sai a gwada kowane salon rubuta sunan a Mémoire des hommes, shafin intanet na gwamnatin Faransa mai sunayen sojojinta da suka rasu a yaƙi. Wata ta ce a aika wasiƙa ma'ajiyar takardun soja da ke garin Pau a Faransa. Ni dai na roƙe shi ya fara naɗar muryar kakarsa a waya, tun tana tuna ranar tafiyar.