Tallafin taki na gwamnati: kuɗi ake turowa ko buhu ake bayarwa?

Manomin Deba:
Salama alaikum 'yan'uwa. Ana ta rubuta sunaye a yankin Yamaltu/Deba wai na tallafin noma. Wasu sun ce kuɗi za a turo a asusu, wasu sun ce taki ne. Wanne ne? Kuma abin da ake bayarwa yana isar hekta ɗaya ta masara?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Galibi ba kuɗi ba ne, ragi ne a kan farashin kaya. Haka tsarin tallafin taki na GES na 2012 ya kasance, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma: saƙo ya shigo wayarka, ka je cibiya ka biya rabin kuɗin buhu biyu, kamfa (NPK) ɗaya, yuriya ɗaya. Tallafin alkamar rani na Agro-Pocket a 2023 shi ma rabi-da-rabi ne.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne wurin rajista. A rubuta lambar wayar ɗa ko ta maƙwabci, saƙon ya tafi can, kai kana zaune kana jira. Ko sunan da ke katin NIN ya saɓa da na BVN, ko da harafi ɗaya ne, Muhammad nan Mohammed can, sai kwamfuta ta tsallake ka. Ka gyara wannan tun kafin a rufe rajista. Kada ka goge saƙon, kuma ka tanadi naka kason kuɗin, domin kwanakin karɓa ƙidayayyu ne.

Dattijon Kumo:
Ƙari a kan na Malam: kafin ka sa hannu ka tambaya, tallafi ne ko rance? Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne daga Babban Banki, ana biya bayan girbi. Da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne, suka kwana da bashi a BVN ɗinsu.

Malamin Gona:
Gaskiya ne Baba. Batun isa kuwa, ba ya isa. Hektar masara na son kilo 120 na sinadarin naitirojin, da kilo 60-60 na sauran sinadarai biyun da ke cikin kamfa, fosfaras da potash. Wato kamfa 15:15:15 buhu takwas, yuriya buhu biyu da rabi zuwa uku. Buhu biyun tallafin nan rubu'in hekta suke ɗauka, shi ma sai an taimaka da takin shanu. Gara ka tattara su a ƙaramin fili da ka barbaɗa wa gona duka ta fito rawaya-rawaya.

Kamfa kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, yuriya mako huɗu zuwa shida. Tona ɗan rami kamar faɗin yatsu huɗu daga gindi, a zuba, a rufe, ƙasa tana da laima. Yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa iska ce ke shanye ta.

Hajiyar Dadin Kowa:
Sai kuma latti, wanda shi ne ciwon kowace shekara. In taki ya iso masara ta riga ta yi goyo, kada a zuba kamfa, asara ce. A ajiye shi kan katako, kada ya taɓa siminti ko bango, bakin a ɗaure, ya jira noman rani a bakin dam. Kuma a wurin karɓa ku ɗora buhun a sikeli, kilo 50 ne. In kun ga alamar an buɗe bakin an sake ɗinkewa, ku ce a canza.