Shin ganin likita ta intanet zai yiwu a ƙauyukanmu?

Ɗan Kubau mazaunin Kaduna:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kuma duk wata sai mun ɗauko ta daga ƙauye zuwa asibiti a Zariya, mu biya kuɗin mota, ta wuni a kan benci tana jiran layi, daga bisani likita ya duba ta cikin 'yan mintuna ya ce a ci gaba da shan maganin. Ina jin ana maganar ganin likita ta bidiyo a waya. Shin wannan zai rage mata wahala, ko kuwa abin na mutanen birni ne?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Mama lafiya. Masu irin ciwonta su ne suka fi cin moriyar wannan tsari, kuma ba lallai ne ita ta riƙe wayar ba. Jiharmu ta Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami cibiyar lafiya matakin farko. Idan cibiyar tana da intanet mai ƙarfi, ma'aikacin lafiya zai auna jininta, ya karanta wa likita sakamakon, likitan ya gan ta, ya yi mata tambayoyi, sannan ya gyara adadin maganin, ta koma gida kafin azahar. Amma doguwar naƙuda da zubar jini bayan haihuwa ba a magance su ta waya; sai dai likita ya ce a garzaya da mace asibiti tun lokaci bai ƙure ba, wanda shi ma ceton rai ne.

Mai aikin turakun sadarwa:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai inda gizo ke saƙar shi ne sabis da wuta. Bidiyo yana buƙatar sabis mai ƙarfi kamar 4G, alhali akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu kafin kira ya shiga. Kada mu manta cewa a 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga. Starlink, kamfanin da ke ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a 2023 kuma ba ya buƙatar turke, amma da tsada, kuma dole cibiyar ta sami sola.

Ɗan Kubau mazaunin Kaduna:
Na gode muku ƙwarai. Ranar Asabar zan je gida, zan leƙa cibiyar mazaɓarmu in ga ko na'urar awon jininsu tana aiki, in kuma gwada ƙarfin sabis a cikin ɗakin duba marasa lafiya.