Shawarar masu hoto a Gombe kan sayar da tsohon fim baƙi-da-fari

Wani dattijon mai hoto a Gombe yana da tarin fim baƙi-da-fari a firiza, har da Kodak Plus-X da aka daina yi a 2011. Ya nemi shawarar abokan sana'a kafin ya sayar.

Maganar wutar lantarki ce ta fi cin lokaci. Sanyi yana tsare fim, amma firizar da ke narkewa duk sanda aka ɗauke wuta, balle a zafin Afrilu, ba ajiya ba ce. Don haka aka ce ya faɗa wa mai saye gaskiyar yadda fim ɗin ya zauna. Wasu suka ce ya ɗauki hoto da naɗi ɗaya, ya wanke, ya nuna abin da ya fito. A ganina wannan ya fi kowace talla. Fim mai ƙaramin ISO (ma'aunin saurin kama haske), irin Plus-X mai 125, yana jure shekaru. Mai 400 ya fi saurin yin hazo, wato hoton ya dusashe.

In an ciro shi daga firiza, a bar shi a rufe na sa'o'i kada raɓa ta kama shi. Masu saye kuwa, sai a nemi na Legas ko ƙetare ta intanet.