An sallame mu da kanula a hannun yarona, yaya zan kula da ita a gida?

Uwar yaro mai sikila, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da kuma iyayen da suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ɗana mai shekara 6 yana da sikila, kuma kimanin makonni uku da suka wuce ƙafarsa ta dama ta kumbura daga ƙasan gwiwa tare da zazzaɓi mai zafi. Da farko mun ɗauka tashin ciwon ne da muka saba gani, sai da aka yi hoto da gwajin jini likita ya shaida mana cewa ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙashin ƙwaurinsa. Mun yi kwana 12 a kwance ana yi masa allurar seftiriyakson, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya, zazzaɓin ya sauka, ya fara taka ƙafar, shi ne aka sallame mu ranar Litinin bisa sharaɗin za a ci gaba da allurar sau ɗaya a rana har kwana bakwai kafin mu koma. An bar masa kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya don tura magani, mai ruwan ɗorawa a bayan hannun hagu, wadda aka saka tun ranar Lahadi, an ɗaure hannun a kan ɗan katako. Wata maƙwabciyarmu nas ce take zuwa bayan La'asar ta yi masa.

Jiya Laraba da take tura ruwan ya fasa ƙara, ya ce yana yi masa zafi kamar an zuba barkono, alhali a kwanakin baya ko motsi ba ya yi. Yau da safe na ga bayan hannun ya ɗan tasa, filastar ta saki ta gefe ɗaya saboda gumi, kuma akwai ɗan jini a cikin robar. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce a gasa wurin da ruwan zafi a shafa man zafi. Nas ɗin kuma ta yi tafiya sai Asabar, mai kemis na bakin layinmu ya ce shi zai iya yi masa. Ina so in san ko kwana nawa kanula take iya yi a hannun yaro, ko zan iya barin mai kemis ya yi amfani da ita, da kuma yadda zan riƙa yi masa wanka, domin tun da muka dawo goge masa jiki kawai nake yi.

Ma'aikaciyar jinya a sashen yara

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya. Zan fara da abin da ba ya jiran gobe: kada a sake tura komai ta wannan kanular, ko magani ko ruwa. Zafi lokacin turawa tare da kumburi alama ce ta ɗayan biyu, ko dai bakin robar ya fita daga cikin jijiya ruwan yana taruwa a ƙarƙashin fata, ko kuma jijiyar ce da kanta ta fara kumbura. Duk wanda ya kasance, maganinsa ɗaya ne, a cire ta a saka sabuwa a wani wuri, kuma ya fi kyau a ɗaya hannun. Ki kai shi asibitin da aka sallame ku, ko wani asibiti na kusa mai ma'aikatan da suka saba neman jijiyar yara, yau ɗin nan, don kada allurar yau ta wuce shi. Ciwon ƙashi ba ya son a tsallake magani ko na rana ɗaya.

Game da yawan kwanaki, a wurin manya an saba canza kanula bayan kwana uku zuwa huɗu. A wurin yara ba a cika cire wadda take aiki lafiya don kawai kwanaki sun cika ba, saboda wahalar samun jijiya, amma da zarar ta nuna alama guda ɗaya sai a cire. Mai ruwan ɗorawan nan ita ce lamba 24, siririya ce ƙwarai, kuma a aikina da wuya na ga ta wuce 'yan kwanaki a hannun yaro mai wasa. Taku ta shiga kwana na biyar, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ki kuma kwantar da hankalinki a kan abu guda da iyaye da yawa suke tsoro: babu ƙarfe a hannunsa. Ana zare allurar tun lokacin sakawa, abin da ya rage roba ce mai laushi. Idan ta taɓa fita da kanta, ki danne wurin da auduga mai tsabta na minti biyar, ki ɗaga hannun sama, ki ajiye robar a nuna wa ma'aikaci ya tabbatar ta fito gaba ɗaya.

Maganar Hajiya ta fito ne daga tausayin jikanta, amma ki lallaɓa ta a bar man zafin. Wurin da robar ta shiga ƙofa ce buɗe zuwa cikin jini, duk abin da aka shafa a bakinta yana iya bi ya shiga. Bayan an cire an rufe wurin, ɗora hannun a kan matashi yana rage kumburin, kuma tsumma mai ɗumi kaɗan ba laifi idan ma'aikacin da ya duba ya amince. Ƙanƙara ko ruwan sanyi kuwa kada ki kusanta masa, kin fi ni sanin abin da sanyi yake tayarwa ga mai sikila.

Idan an saka sabuwa, ki nemi a rufe ta da filasta mai garai-garai wadda ake hango fata ta cikinta, a rubuta ranar sakawa a jiki, kuma a bar 'yan yatsunsa a waje kina ganinsu. Ki riƙa duba wurin safe da rana da dare, kina kwatanta shi da ɗaya hannun: ja, tasawa, ɗumi, danshi a ƙarƙashin filasta, mugunya, ko jan layi da ya bi jijiya ya nufi sama. Duk mai taɓa ta, har da nas, ki tsaya a kansa ya wanke hannu da sabulu a gabanki, ya goge bakin kanular da sifirit na daƙiƙa 15, ya bari ya bushe kafin ya ɗaura sirinji. A tura ruwan gishiri na asibiti kafin magani da bayansa, kuma idan ruwan ya ƙi shiga kada a matsa da ƙarfi, domin ƙila gudan jini ne ya toshe ta, ba a so a tura shi ciki. Ɗan jinin da kika gani a roba shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, yakan dawo idan yaro ya yi kuka ko ya rataye hannu ƙasa, sai dai idan ya zauna zai daskare.

Wanka kuwa yi masa za ki yi, barin gumi a jiki bai taimaki kowa ba. Ki zura hannun cikin leda mai tsabta, ki manne bakinta da filasta a sama da wuyan hannu, wani ya riƙe masa hannun sama yayin da kike zuba ruwa da kofi. Kina gamawa ki cire ledar, domin barinta yana tara zufa. Idan ruwa ya shiga filastar, a canza ta a ranar.

Mai haɗa magunguna

Malama nas ta gama magana a kan kanular, ni kuma zan tsaya a kan mai kemis, domin nan ne hankalina ya tashi. Maman yaro, kwalin seftiriyakson da ake sayarwa iri biyu ne. Wani yana zuwa da ƙaramar kwalbar ruwan allura zalla, an rubuta IV a jikinsa, shi ne na jijiya. Wani kuma yana zuwa da lidoken, maganin kashe zafi, an rubuta IM, shi ne na tsoka kawai. Kwalayen sukan yi kama da juna, kuma idan aka haɗa maganin da lidoken aka tura ta jijiya yana iya rikita bugun zuciya ko ya jawo farfaɗiya. Ki karanta ƙaramar kwalbar da idonki kowace rana kafin a fasa ta. Haka nan ba a haɗa wannan magani da ruwan Ringer, wani irin ruwan da ake ƙara wa majiyyaci, ko wani ruwa mai sinadarin kalsiyam. Yawansa ma da nauyin yaro ake lissafawa, kuma idan ya kai miligiram 50 a kan kowane kilo, kamar yadda akan rubuta don ciwon ƙashi, ta ƙarin ruwa ake ba yaro a hankali cikin kimanin rabin awa, ba a tura shi lokaci guda da sirinji. Ki duba takardar sallamarku, ki tambayi likita wanne ya nufa. Wanda ba a horar da shi a kan allurar jijiya ba, komai kyawun niyyarsa, bai kamata ya taɓa hannun yaron nan ba.

Akwai kuma wata illa da ba ta da yawa amma an fi samun rahotonta a yara masu sikila, wato maganin ya sa jajayen ƙwayoyin jini su farfashe. Idan bayan allura kika ga fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, tafin hannunsa ya yi fari, idonsa ya ƙara rawaya, ko ya yi laushi yana kukan ciwon baya, ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa, kuma kada a sake ba shi har likita ya gan shi.

Baban yarinya, Kaduna

Maman yaro, sannu da jinya, Allah Ya ba da lada. Ni tawa 'yar ba irin wannan kanular aka sa mata ba. Lokacin da ake yi mata maganin sankarar jini an zura mata doguwar roba da ake kira PICC, wadda take shiga ta damtse, bakinta yana tsayawa a babbar jijiya kusa da zuciya, kuma mun zauna da ita a gida wata huɗu. Na kawo maganar ne saboda idan likitanku ya ga allurar za ta ɗauki makonni, kina iya tambaya ko akwai irinta a inda kuke, maimakon a riƙa huda yaro duk bayan kwana uku, sannan ƙila wasu iyayen da za su karanta irin tamu ce a hannun 'ya'yansu. Dokokinta sun fi tsanani. Ana canza filastarta duk kwana bakwai, idan kuwa da bandeji aka rufe duk kwana biyu. Ba a wanke ta, wato tura ruwan gishiri ta cikinta, da sirinjin da bai kai mililita 10 ba, domin ƙaramin sirinji ya fi matsi, yana iya fasa ta. An hana mu kawo almakashi kusa da ita, an ba mu ɗan matsewa muna yawo da shi ko'ina don idan ta tsage mu matse tsakanin tsagar da jikin yarinya, kuma mahaifiyarta tana auna tsawon abin da yake waje da tef ɗin tela tana rubutawa a littafi, don mu gane idan ta zame.

Abin da na fi so ki riƙe daga wurina shi ne kuskuren da na yi. Wani dare, kamar awa ɗaya bayan an wanke robar, yarinyar ta fara rawar sanyi har haƙoranta suna haɗuwa. Na auna na ga 38.2, na ce wannan ai ba wani zazzaɓi ba ne, na ba ta farasitamol na lulluɓe ta, da niyyar mu je da safe. Kafin Asuba leɓɓanta sun bushe, ba ta amsa kira sosai, hannayenta sun yi sanyi jikinta kuma yana ƙuna. Ƙwayoyin cuta ne suka zauna a cikin robar, wankewar ta tura su cikin jini. Mun yi kwana goma a asibiti, sai da aka cire robar gaba ɗaya. Likitar ta gaya mini, ba tare da faɗa ba, cewa yaro mai roba a jijiya idan ya kai digiri 38 asibiti ake nufa a daren, kuma farasitamol ɓoye alamar kawai yake yi. Naki yana da sikila, saifarsa ba ta kare shi kamar ta sauran yara, don haka ki sayi ma'aunin zafin jiki idan ba ki da shi, ki daina dogara da bayan hannu a goshi, kuma ku tanadi wanda zai kai ku asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne.

Uwar yaro mai sikila, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba 'yar Baba lafiya mai ɗorewa. Mun je asibiti bayan Azahar. Nas ɗin da ta duba ta ce robar ta riga ta fita daga jijiya, ta cire ta, aka saka mai shuɗi a hannun dama, aka ba shi maganin yau ta ƙarin ruwa. Da na koma gida na duba ragowar kwalayen da maigida ya sayo, na tarar biyu daga ciki masu lidoken ne, na ware su zan mayar. Likita ya ce mu riƙa zuwa asibitin kullum da safe har Lahadi, ranar Litinin za a maimaita gwajin jini, idan ya yi kyau a mayar da shi kan na sha har ya cika makonni shida. Saura tambaya ɗaya: yana ta roƙo ya koma Islamiyya, kuma ina da tsofaffin sirinji da allurai cike da leda ban san yadda zan yi da su ba.

Ma'aikaciyar jinya a sashen yara

Alhamdu lillahi. Islamiyya ta jira har a cire kanular, kwana uku ne kawai, domin a cikin cunkoson yara da ƙura ba za ki iya tsare hannun ba. Ki sa masa riga mai dogon hannu mara matsewa, ya yi karatunsa a gida. Allurai kuma kada su kwana a leda inda ƙannensa za su kai hannu. Ki zuba su a jarka mai kauri ko galan mai murfi, ba tare da kin yi ƙoƙarin mayar musu da marufinsu ba, ki rufe ki manne, gobe idan za ku tafi ki miƙa wa nas ɗin sashen ta haɗa da nasu.