Wace kalma za mu ba "probate" da Hausa?

1/ Jama'a, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar nan "probate". Masu tono tarihin kakanninsu a Ingila sukan duba takardunta, mu kuma da an tashi fassara sai a ce "rabon gado". Ni dai ban gamsu ba.

2/ A wajenmu alƙali ko malami ne ke zama, a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta haura sulusi ba, sannan a yanka wa kowa kasonsa. Can kuwa ba hukuma ke rabo ba. Tata ita ce ta duba takardar wasiyya, ta gamsu cewa sahihiya ce, sai ta damƙa wa wasiyyi takardar izini. Shi zai bi bankuna, ya sallami masu bin bashi, ya ba magada nasu.

3/ Kafin 1858 ma kotunan coci ne ke wannan aiki, babbarsu ita ce ta Kantabari. Daga Janairun 1858 gwamnati ta karɓe, aka riƙa buga jerin sunaye duk shekara. In ka buɗe za ka ga sunan mamaci, inda yake zaune, ranar rasuwa, wanda aka ba izini da sana'arsa, sai ƙimar abin da ya bari, fam kaza da sule kaza da kwabo kaza. Amma a kula: kafin 1898 ba a sa gida da gona cikin wannan ƙimar. Kana iya ganin 'yan fam kaɗan ka ɗauka kakanka matsiyaci ne, alhali mai filaye ne. Nan tsofaffin jaridu ke shigowa, domin a ciki ake buga sanarwar gwanjon gona, da kiran duk mai bin mamaci bashi ya bayyana kafin rana kaza.

4/ Wani malaminmu ya kawo "tarika". Allah gafarta malam, kalmar fiƙihu ce mai kyau, sai dai dukiyar kanta take nufi, ba aikin da aka yi a kanta ba. Ga shi kuma mai karatu da sauri zai ɗauka ɗariƙa ake nufi. Wata 'yar'uwa ta ce "shaidar gado". Ta kusa, amma sai a zaci takardar da ke nuna wane magaji ne.

5/ Nawa zaɓin: "tabbatar da wasiyya". Takardun kuma "kundin tabbatar da wasiyya". Tsayi gare ta, na sani, amma ko a kasuwa ka faɗa ba mai tambayarka me kake nufi.

6/ Saura wanda ya mutu bai bar wasiyya ba. Nan ba abin tabbatarwa, sai dai a naɗa mai kula da dukiyar. Takardar wannan naɗi ce bankuna a Najeriya ke cewa magada su karɓo daga babbar kotu kafin a taɓa asusun mamaci. Ita na ce a kira ta "takardar wakilcin magada". Lauyoyin da ke cikinmu, in akwai wadda kuke faɗa wa mutanenku da baki a ofis, ku kawo ta mu ji.