Paldea a buɗe take, amma duk inda na nufa sai na sha kashi: wane tsari ake bi?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata a kan wasan Pokémon Violet ce, na na'urar Nintendo Switch. An ce ƙasar wasan, Paldea, a buɗe take, duk inda mutum ya ga dama ya nufa. Na fita ta ƙofar yamma ta Mesagoza, na karɓi bajon Cortondo ba wata wahala, na miƙe sai Cascarrafa, Kofu, shugaban jim ɗin garin, ya share mini tawagar dabbobin Pokémon tas. Dabbobina tsakanin lebul 18 ne da 21. Na lallaɓa arewa na kamo wata mai lebul 36 bayan na ƙarar da ƙwallo wajen ashirin, sai ga shi ba ta jin magana: in ce ta kai hari ta juya mini baya, wani lokacin ma barci take yi a tsakiyar faɗa. Ga koguna da tsaunuka da ba na iya wucewa. Akwai tsarin da ake bi ne, ko ni ne ban fahimci wasan ba?

Malam Idi-Araba

Wa alaikumus salam ƙanina. Hanya ce a buɗe, amma ƙarfin abokan karawa a kafe yake. Wasan ba ya daidaita lebul ɗinsu da naka. Dabbobin Kofu 29 ne da 30 ko yau ka fara ko ka shekara kana bugawa. Wannan shi ne abin da wasan bai faɗa maka ba, kuma kusan duk wanda ya bi yamma kai tsaye a wannan ramin yake faɗawa.

Bajo, wato lambar nasara, 18 ne gaba ɗaya: jim (gidajen gasa na garuruwa) 8, ƙattan dabbobin Taitan 5, sansanin gungun ɗaliban Team Star 5. Idan ka jera su bisa ƙarfi, za ka ga ba zagaye ake yi ba, kai-komo ake yi tsakanin gabas da yamma. Bayan Katy ta Cortondo mai lebul 15, komawa gabas ake yi wajen ƙaton kaguwa Klawf, lebul 16, daga nan Brassius a Artazon, 17. Sai ka sake dawowa yamma ka hau tsaunin da tsuntsu Bombirdier ke jefo duwatsu, wajen 20, kusa da shi sansanin Giacomo, 21. Sai gabas kuma: Iono a Levincia, 24, sansanin Mela, 27, tsutsar ƙarfe Orthworm, wajen 29. A nan ne lokacin Kofu ya yi. Lissafa ka gani, bajo bakwai ka tsallake ka je masa.

Bayansa Atticus ne a dajin Tagtree, wajen 33, Larry a Medali, 36, Ryme a Montenevera, 42. Iron Treads na hamadar Asado da Tulip ta Alfornada duk wajen 45 ne, Grusha 48, Ortega 51, sannan Eri da Taitan ɗin tafkin Casseroya su rufe a wajen 56.

Kai-komon ba ya cin komai, domin duk cibiyar Pokémon da ka taɓa takawa kana iya komawa can ta taswira kyauta. Saboda haka ko garin da ka shiga ya fi ƙarfinka, taka cibiyarsa tukuna kafin ka juya.

Abu biyu na kiyayewa. Iron Treads yana yawo ne a hamadar da ke maƙwabtaka da Cascarrafa, kuma aikin da ake ba ka kafin faɗan Kofu, wato kai masa walat ɗinsa Porto Marinada, ta wannan yankin yake bi da kai. Ka gan shi ka kauce, ya ɗara Kofu da lebul 15. Na biyu Iono: kowa zai ce maka ka tafi da nau'in ƙasa tunda lantarki take riƙewa, kuma hakan na aiki a kan Bellibolt da Luxio. Amma Wattrel tsuntsu ne, harin ƙasa ba ya taɓa shi, ita kuma Mismagius ta ƙarshe tana juyewa zuwa nau'in lantarki alhali tana shawagi a sama, harin ƙasa bai same ta ba, sauran nau'o'in kuma babu wanda ke yi mata illa ninki biyu. Dabba mai jini da yawa da hari mai nauyi za ka ajiye mata, wadda ba ta gaji ba.

Hajiyar Obalende

Malam ya gama da tsari, bari in taɓa maganar rashin jin magana, don a nan mutane ke asarar ƙwallo a banza.

Bajon jim kaɗai ke ɗaga iyakar biyayya. Na Taitan da na Team Star ba su da hannu a ciki. Ba ka da bajo ko ɗaya, iyakarka lebul 20. Bajo ɗaya 25, biyu 30, uku 35, haka ake ƙara biyar-biyar har bakwai ya kai 55, na takwas ya cire iyakar baki ɗaya. Kai bajo ɗaya gare ka, dabbarka kuma 36, ka ga sai ka tara huɗu kafin ta san da zamanka.

Amma ga inda ake ruɗewa: lebul ɗin da ka kama ta a kai ake dubawa, ba wanda take kai yanzu ba. Wadda ka kama tana 12 ka raina ta har 40 za ta bi umarninka ko bajo ɗaya gare ka. Don haka kada ka ji tsoron tawagarka ta wuce iyaka, ba abin da zai faru. Ita wannan ta 36 ka mayar da ita akwati, ba ta ɓaci ba, lokacinta ne bai yi ba.

Ƙwallo ashirin ɗin nan ma ba rashin sa'a ba ne kawai. Dabbar da ta wuce iyakar bajonka wasan yana rage yiwuwar kamuwarta da gangan. Ga waɗanda ke cikin iyaka kuwa, ga yadda ake rage ɓarna. Quick Ball a zagayen farko kawai take da amfani, ƙarfinta ninki biyar ne a lokacin, bayan nan ta zama ƙwallo gama-gari. Dusk Ball ninki uku ce da dare ko cikin kogo. Sa dabba barci yana ninka sa'arka sau biyu da rabi, shanye mata jiki kuma sau ɗaya da rabi. Idan ka yi wa dabbobi iri 30 rajista a Pokédex, kundin dabbobin wasan, je wurin malam Jacq a makaranta, zai ba ka False Swipe, harin da ke barin jini ɗaya ba ya kashewa. Sai dai ba ya taɓa nau'in fatalwa, kuma kada ka haɗa shi da guba ko ƙuna, don su za su ƙarasa abin da ka bari. Sannan ka riƙa duƙawa ka zagayo ta bayan dabba ka jefa mata ƙwallo da ZR: ta firgita, ka sami zagaye ɗaya kyauta.

Sarkin Yawo Mile 12

Malam, a gafarce ni, jerin naka daidai ne amma ban yarda a bi shi kamar karatun allo ba. Wanda ya yi haka ya mayar da buɗaɗɗiyar ƙasa layin dogo. Ni shawarata a gaggauta Taitan, ko da an ɗara ka da lebul uku ko huɗu, saboda su ne ke buɗe ƙasar. Kowanne ka kayar, Miraidon, dabbar da kake hawa, na samun sabon abu: Klawf gudu, Bombirdier iyo, Orthworm dogon tsalle, Iron Treads shawagi, na Casseroya hawan bango. Kogunan da ɗan'uwa ke kuka da su, Bombirdier kaɗai ya raba shi da su, kuma da tawagar 18 zuwa 21 yau ma zai iya, musamman in yana da lantarki ko dutse. Taitan galibi dabba ɗaya ce tak, a zagaye na biyu kuma abokin tafiyarka Arven na taya ka, shi ya sa ta fi jim sauƙin tsallakawa.

Sansanin Team Star kuma wani salo ne daban. Dabbobi uku na farkon jerinka kaɗai ke shiga, ka kayar da 30 cikin minti 10 ta hanyar sakin su da maɓallin R. Jera ukun tun kafin ka buga ƙararrawar ƙofa. Motar da shugaban ke fitowa da ita a ƙarshe tana da jini sosai, kada ka ƙarar da manyanka kafin ta fito.

Kowane wasa da irin shingensa. A Legends: Arceus na 2022 yankuna biyar ne a rarrabe, kuma taurarin bincike ke buɗe su, wato sai ka cika ayyukan Pokédex, faɗa kaɗai ba ya kai ka. A Palworld na 2024 ba wanda zai tare ka, amma zafin hamada da sanyin tsauni za su kashe ka in ba ka ɗinka kayan da suka dace ba, kuma ba ka hawan dabba sai ka haɗa mata sirdi. A Paldea shingen biyu ne, bajon jim da abin hawanka. Wanda ya gane haka ya san wace ƙofa zai fara bugawa.

Malam Idi-Araba

Na yarda da kai har zuwa Orthworm. Daga nan akwai tazarar lebul 16 kafin Iron Treads, taimakon Arven ba ya cike wannan.

Ɗan Agege

Allah ya saka da alheri, na samu iyo. Saura biyu. Pawmo tawa ta ƙi rikiɗa ko da lebul na ƙaruwa, kuma wace hanya ce mafi sauri ta ɗaga tawaga zuwa 30? Ba kullum nake da data ba, wuta ma sai a hankali.

Hajiyar Obalende

Pawmo ba lebul take jira ba. Sa ta a farkon jeri, sake ta da R, ku taka sawu 1,000 tana waje, sannan ta ƙara lebul ɗaya. Da ƙafa za ka yi tafiyar: in ka hau Miraidon ka yi mata nisa, komawa ƙwallo take yi, kuma tafiyar da aka yi tana ciki ba ta shiga lissafi. Nemi fili marar dabbobi ka yi ta zagaye a hankali, babu ma'aunin da zai nuna maka adadin, don haka ka ɗan zarce. Kuskure na biyu: lebul ɗin da aka samu ta faɗan sakin R ba ya tayar da rikiɗa. Sai ta ƙaru a faɗa na sosai ko ka ba ta alewar maki. Bramblin da Rellor ma haka dokarsu take. In ta zama Pawmot ka samu maganin Kofu, tunda duk dabbobinsa uku, Veluza da Wugtrio da Crabominable bayan ta juye, ruwa ne a gaban lantarki.

Maganar ɗaga lebul, mafi yawan masu raunin tawaga masu horarwa na kan hanya suke wucewa. A wannan wasan ba sa tare ka, sai ka je ka yi musu magana, don haka mutum na iya ratsa yanki guda bai yi faɗa ko ɗaya ba. Suna ba da maki da kuɗi fiye da dabbobin daji, kuma a cibiyoyi da dama akwai wakilin gasa da ke ba da kyauta in ka kayar da adadin da ya ce a yankin. Sakin R ya fi amfani wajen tara kayan haɗa TM, abin koya wa dabba sabon hari, makinsa kaɗan ne.

Sai duwatsun lu'ulu'u masu haske da ke kan taswira. Faɗan cikinsu na ba da alewar maki: ƙarama XS 100, S 800, M 3,000, L 10,000, XL 30,000. Ba sai da intanet ba, zaɓi shiga kai kaɗai wasan zai haɗa ka da mataimaka uku na kwamfuta, kuma a masu tauraro ɗaya da biyu sun wadatar. Masu tauraro uku na fitowa bayan bajon jim uku. Raba alewar ga na baya a tawaga, kada ka ɗura wa ɗaya.

Injiniya Ikeja

Ƙari a kan wuta da data. Switch na da batir a jikinta, ko tana kan talabijin aka ɗauke wuta ba ta mutuwa, zare ta ka ci gaba a hannu. Haɗarin shi ne barin ta a yanayin barci kwana da kwanaki har batir ya ƙare, don haka ka riƙa adanawa da hannu bayan kowane babban faɗa, musamman in ka kashe adanawa ta atomatik. Ajiyar wasan a cikin na'urar take, ba a katin ba, kuma wannan wasan ba ya cikin waɗanda ake kwafa wa ajiya a intanet. Wanda zai sayar da tasa ko ya yi musaya a Computer Village, ya tura ajiyar zuwa sabuwar tukuna, na'urorin biyu suna kusa da juna, kafin a goge tsohuwar.

Wasa da abokai na kusa kuma ba ya buƙatar data ko kuɗin rajistar Nintendo. Mutum huɗu na iya haɗuwa a ɗaki ɗaya ta Union Circle, kowa da na'urarsa da katinsa. Za ka buƙaci hakan nan gaba, domin Finizen ba ta rikiɗa sai ta kai lebul 38 ko sama kuma ta ƙara lebul kana haɗe da wani. In abokin mai Scarlet ne, tagwayen wasan Violet, ya fi, akwai dabbobin da ba sa fitowa a Violet sai ta wajensa.